Sinadaran Tsirrai Masu Tsumbure Ƙwarin Ganye: Yadda Suke Aiki da Yadda Za Ka Amfana da Su

Akwai wani ƙorafi da malaman gona suka saba ji daga bakin manoman da aka koya wa feshin ruwan dogonyaro. Manomi zai ce ya daka ƙwallon, ya jiƙa, ya tace, ya yi feshi da yamma kamar yadda aka umurce shi, amma da gari ya waye ya leƙa gona sai ya tarar da tsutsa kwance a kan ganye da ranta. Daga nan sai ya yanke hukunci cewa maganin ba ya ci, ya nufi kasuwa neman wanda zai zubar masa da ƙwari nan take. Idan kai ma ka taɓa yin wannan ƙorafi, to ka sani idonka bai yi ƙarya ba, tsutsar tana da rai. Kuskuren yana wajen ma'aunin da ka auna maganin da shi. Yawancin sinadaran da tsirrai ke kare kansu da su ba sa kashe ƙwaro farat ɗaya. Aikinsu shi ne su hana shi ci, su hana abin da ya ci amfanar jikinsa, su kuma tsumbure shi har ya mutu bai kai girman da zai yi ɓarna ba.

Tsiro ba ya gudu, amma yana da makami

Dabba idan ta ga abokin gaba sai ta ruga. Tsiro kuwa inda ya fito nan zai tsaya, saboda haka kariyarsa a jikinsa take. Wata kariyar ana ganinta da ido, kamar ƙaya da ƙaiƙayi da taurin ganye. Wata kuwa a ɓoye take cikin ruwan ganye da saiwa da ƙwaya, kuma ka daɗe da saninta ko da ba ka san sunanta ba. Ɗacin shuwaka daga irin waɗannan sinadarai ne, haka yajin barkono da baurin ɗanyen 'ya'yan itace. Makiyayi yana tsare shanunsa daga gyauron dawa domin ya san yana iya kashe saniya. Dalili shi ne ƙaramar dawa tana ɗauke da wani sinadari da ke sakin gubar sayanayid da zarar an tauna ganyen, irin gubar da ke cikin rogo mai ɗaci. Bincike ya nuna wannan guba tana sa fara ta guji dawa tun tana ƙarama, kuma tana raguwa yayin da dawar ke girma.

Ita ma masara tana da nata. A makonnin farko bayan tsirowa ganyenta yana cike da wani sinadari da masana ke kira dimbowa, wanda ke dagula cikin tsutsa ya rage mata girma. Tun a 1967 masu bincike a Amurka suka gano cewa irin masarar da ya fi yawan dimbowa ya fi jure wa tsutsar da ke huda kara a can ƙasarsu. Auduga kuwa, idan ka ɗaga ganyenta ga hasken rana za ka ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe. A cikinsu take ajiye gosifol. Da aka samar da irin auduga marar waɗannan ɗigo domin mutane da kaji su iya cin angurya, sai ƙwari suka far mata, har da waɗanda a da ba su damu da auduga ba.

Wani abin mamaki shi ne tsiro yana ƙara makaminsa idan an taɓa shi. A 1972 masana biyu a Jami'ar Jihar Washinton ta Amurka, Green da Ryan, suka nuna cewa idan ƙwaro ya ciji ganye ɗaya na tumatir ko dankalin turawa, kafin kwana biyu sauran ganyen da ba a taɓa ba sun tara wasu sinadarai masu toshe narkewar abinci a cikin ƙwaro. Tsutsa za ta ci ta cika ciki, amma abincin ya wuce bai gina mata jiki ba. Wakenmu ma yana da irin wannan sinadari a ƙwayarsa. A 1987 masu bincike a Ingila suka ɗauki ƙwayar halittar da ke sarrafa shi daga wake suka dasa a jikin taba, sai tsutsar da ta ci ganyen tabar ta kasa girma.

Dalilin da ya sa jinkirta girman tsutsa yake da amfani

A nan ne ya kamata ka tsaya ka yi nazari, domin shi ne tushen maganar. Ɗauki misalin tsutsar nan mai cin masara wadda aka fara ganinta a Nijeriya a farkon 2016, bayan ta ƙetaro daga nahiyar Amurka. Uwarta wani malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, wadda ke iya yin ƙwai 1,000 ko fiye a rayuwarta, tana zuba su curi-curi a kan ganye. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe ba ta fi kan allura ba. Fatarta ba ta buɗewa yadda take so, saboda haka duk lokacin da jiki ya cika fata sai ta yi saɓa kamar maciji, ta fito da sabuwa mai yalwa. Matakai shida take bi a haka, cikin kimanin mako biyu idan ana zafi, sannan ta sauka ƙasa ta dunƙule cikin ɓawo, daga bisani ta fito da fukafukai.

A matakan farko kankare bayan ganye kawai take yi, ta bar wasu tabo farare da haske ke ratsawa. Wannan ba ya rage wa masara komai. Mafi yawan abin da tsutsar za ta ci a duk rayuwarta a matakai biyu na ƙarshe take cinsa, lokacin da ta shige ƙoƙon masara, wato tsakiyar da sabon ganye ke fitowa, ta yayyaga shi ta bar kashinta kamar garin katako. Ke nan duk abin da ya tsayar da ita a mataki na biyu ko na uku ya cece ka daga kusan dukkan ɓarnar, ko da kana ganinta da rai.

Akwai riba ta biyu. Tsutsar da ta daɗe tana ƙarama ta daɗe ke nan a bakin maƙiyanta. Cinnaka da tururuwa suna kwasarta, gizo-gizo da zanzaro da rina suna farautarta, tsuntsaye na tsince ta, ruwan sama mai ƙarfi yana wanke ta. Maganin feshi mai kisa nan take yakan share waɗannan mataimaka tare da tsutsar, shi ya sa wani lokaci bayan feshi da makonni kaɗan ƙwarin ke dawowa fiye da da. Riba ta uku kuwa, wadda ta tsira ta yi fukafukai sau da yawa takan fito a raunane, ƙwanta kaɗan, wani ma ba ya ƙyanƙyashewa.

Dogonyaro

A cikin dukkan tsirran da aka bincika, babu wanda ya kai dogonyaro a wannan fage. Wasu na kiransa darbejiya, wasu bedi, wasu maina. Asalinsa daga Indiya da maƙwabtanta ne, kuma an shigo da shi Nijeriya ta lardin Barno a 1928, ya bazu har ya zama kamar ɗan gida. Mutanen Indiya sun daɗe suna sa ganyensa cikin hatsi da tufafi, amma binciken zamani ya samo ƙarfi ne daga 1959, lokacin da wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan ya ga farar ɗango ta sauka ta cinye duk wani kore, ta bar itatuwan dogonyaro da ganyensu. A 1968 Butterworth da Morgan na Jami'ar Keele a Ingila suka ware sinadarin da ke da alhakin haka daga ƙwallon, aka raɗa masa suna azadiraktin. Ginin wannan sinadari yana da sarƙaƙiya ƙwarai. Sai da ayarin Farfesa Steven Ley na Jami'ar Kambirij ya shafe shekara 22 kafin ya iya haɗa shi a ɗakin gwaji a 2007, kuma har yanzu wanda ake sayarwa daga ƙwallon itacen ake tatso shi. Abin da ya gagari masana tsawon wannan lokaci shi ne yara ke takawa a ƙofar gidanka.

Azadiraktin yana aiki ta fuska biyu. Ta farko a baki: ƙwaro yana da gaɓoɓin ɗanɗano, idan suka ji sinadarin sai ya janye daga ganyen. Fara ta fi kowa jin wannan, takan gwammace yunwa da ta ci. Tsutsotsi da yawa kuwa sukan daure su ci kaɗan, kuma a nan fuska ta biyu ke shigowa. Saɓar da tsutsa ke yi ba haka kawai take zuwa ba. Ƙwaƙwalwarta ce ke aika saƙo ga wata gaɓa a ƙirjinta, ita kuma ta saki sinadarin da ke umurtar jiki ya yi sabuwar fata ya tuɓe tsohuwa. Azadiraktin yana tare wannan saƙo. Sai tsutsa ta daina ci, ta yi lamo, lokacin saɓa ya zo ya wuce. Wata ta mutu a cikin tsohuwar fatarta, wata ta fara tuɓewa ta maƙale, wata ta kai ga dunƙulewa amma ta fito da fukafukai a murɗe. Duk wannan yakan ɗauki kwana uku zuwa mako guda ko fiye. Shi ya sa duban washegari ba ya gaya maka komai.

Daga wannan bayani za ka gane abu biyu da kanka. Na ɗaya, ƙwaron da ya riga ya balaga ya daina saɓa, don haka maganin ba zai tsumbure shi ba, sai dai ya kore shi ko ya rage masa ƙwai. Na biyu, tsutsar da ta kai matakin ƙarshe ta riga ta yi ɓarnarta. Wanda ya jira sai ya ga gona ta yi kaca-kaca sannan ya ɗauko turmi ya makara.

Ruwan ƙwallon ba azadiraktin kaɗai ya ƙunsa ba, akwai salanin da nimbin da wasu da dama, kuma wannan cakuɗa tana da amfani. A wani gwaji da aka yi a Kanada aka kuma buga sakamakonsa a 1995, an riƙa fesa wa darɓa tataccen azadiraktin har tsatso 40, sai ta fara jure masa ninki tara. Wadda aka riƙa fesa wa ruwan ƙwallon gaba ɗaya kuwa ba ta nuna wannan juriya ba. Masu noman kabeji da suka ga yadda ƙaramar tsutsar kabeji ke gagarar magani bayan magani za su san darajar wannan.

Yadda za ka haɗa

Ƙarfin yana cikin ƙwayar da ke cikin ƙwallo. Ganye ma yana da ɗan tasiri, amma bai kama ƙafar ƙwaya ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka ce sun gwada bai yi ba ganye suka tafasa. Ka tsinci 'ya'yan da suka nuna suka yi rawaya, ka murje naman ka wanke, ka shanya a inuwa mai iska har su bushe sarai. Ka adana cikin kwando ko buhun algarara, kada ka ɗaure a leda, domin danshi yana kawo fumfuna, fumfuna kuwa tana lalata sinadarin, tana kuma iya haifar da guba mai cutar da mutum. A yankunan kudu masu yawan laima wannan shi ne babban abin lura. Ƙwallon da ya shekara a ajiye ƙarfinsa ya ragu.

Idan lokacin feshi ya zo, ka sussuka ƙwallon a hankali ka sheƙe ɓawon, sannan ka daka ƙwayar ta yi laushi. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne giram 50 na dakakkiyar ƙwaya ga kowace lita ɗaya ta ruwa, wato giram 750 ga injin feshi na goyo mai cin lita 15. Ga kayan lambu masu taushin ganye ana iya farawa da rabin haka. Manomi ba ya yawo da sikeli, saboda haka ya dace malamin gona ya auna sau ɗaya a gaban jama'a, ya nuna musu gwangwani nawa ne na irin wanda suke da shi a ƙauyen. Ka jiƙa a ruwan sanyi ya kwana, ka tace da ƙyalle mai laushi sau biyu domin kada bakin injin ya toshe, ka narka ɗan sabulu kaɗan a ciki don ruwan ya kama ganye. Kada ka tafasa, kada ka sa toka ko kanwa, domin zafi da kanwa duka suna karya sinadarin. Ka yi amfani da shi a ranar da ka tace.

Da yamma ake feshi, saboda hasken rana yana kashe ƙarfin azadiraktin cikin 'yan kwanaki, kuma da dare tsutsa ta fi fitowa ci. A lokacin ma ƙudan zuma sun koma amya. Ka jiƙa ganye sama da ƙasa, a masara kuwa ka saita bakin injin cikin ƙoƙon. Ka maimaita bayan mako guda, ko da wuri idan ruwan sama mai ƙarfi ya biyo bayan feshin. Wanda ba shi da inji yana iya gauraya dakakkiyar ƙwayar da garin katako ko busasshen yashi daidai-wa-daida, ya riƙa zuba ɗan kaɗan cikin ƙoƙon kowace masara.

Lokacin farawa kuwa zagayen gona ne zai gaya maka. Daga tsirowar masara, ka shiga gona aƙalla sau ɗaya a mako, ka tsaya wuri biyar a warwatse, ka duba tushe goma a kowane wuri. Idan goma daga cikin hamsin ɗin nan suna da sabon tabon kankara ko ƙananan tsutsotsi alhali masara tana ƙarama, to lokaci ya yi.

Inda ƙarfinsu ya tsaya

Ba daidai ba ne a gaya maka cewa waɗannan sinadarai suna maganin komai. Ƙwari ma sun daɗe suna kokawa da tsirrai, wasu kuma sun samo mafita. Tsutsar masarar da muka ambata tana da dabarar ɗaure dimbowa a cikin hanjinta ta fitar da shi bai cutar da ita ba, wannan na daga cikin dalilan da suka sa ta gagari masara. Manoman rogo a kudu sun san farar nan mai zane-zanen rawaya da baƙi da ja, mai wari. Tana ƙarama ba ta son ɗanyen ganyen rogo saboda gubarsa, amma idan ganye ya yi yaushi da rani sai ta far masa. Har ila yau takan tsotsi guba daga furen ciyawar nan da ake kira Awolowo ta ajiye a jikinta. Tsutsar sharon, wadda ta durƙusar da noman tumatir a 2016, a tsakanin fatun ganye take zama, saboda haka feshi yana samunta sosai ne kafin ta shige. Idan annoba ta riga ta mamaye gona, tsutsotsi sun girma, ka nemi shawarar malamin gona a kan maganin da aka yi wa rajista, ka bi ƙa'idar da ke jikin kwalba.

Haka kuma kasancewar abu daga tsiro ya fito ba ya nufin ba shi da haɗari. Ruwan ganyen taba yana kashe ƙwari, amma nikotin da ke cikinsa yana ratsa fatar mutum, yana da guba ƙwarai, bai dace da kayan miya ba. Majimfa tana maganin tsutsa da darɓa, amma kowa ya san da ita ake kashe kifi, don haka ba a kusantar rafi ko tafkin kiwon kifi da ita. Shi kansa dogonyaro, ko da yake haɗarinsa ga mutum da dabba kaɗan ne, mansa yana da illa ga ƙananan yara idan suka sha. Ka kawar da shi daga inda hannunsu zai kai, kada ka wanke injin feshi a ruwan da ake sha ko ake kiwon kifi, ka kuma wanke ganyen miya kafin a kai kasuwa.

Kada ka manta da makamin da shukarka ta zo da shi. Zuba takin yuriya fiye da kima yana sa ganye ya yi taushi da ruwa-ruwa, irin wanda tsutsa da darɓa suka fi so. Ka daidaita taki, ka yi shuka da wuri tare da maƙwabta, ka kuma tambayi irin da aka tabbatar yana jure wa ƙwarin yankinka.

Ga malaman gona

Bayani da baki ba ya kawar da shakkar wanda ya ga tsutsa da rai bayan feshi. Abin da ya fi shi ne manoma su gani da idonsu, kuma gwajin ba ya cin kuɗi. Ku samo ƙananan robobi goma masu murfi, ku huda murafen domin iska. Ku tsinto ƙananan tsutsotsin masara goma masu girma ɗaya, ku sa ɗaya a kowace roba. Kada ku haɗa biyu wuri ɗaya, domin suna cin junansu. Biyar ku riƙa ba su ganyen masara da aka tsoma a ruwan dogonyaro aka bari ya sha iska, biyar kuma ganyen da aka tsoma a ruwa zalla. Ku canza ganye kullum, ku bar robobin a inuwa a hannun ɗaya daga cikin manoman, ya zama shi ne mai ba su abinci.

A rana ta farko da ƙyar za a ga bambanci, kuma yana da kyau ku faɗi haka tun kafin a fara. Daga rana ta uku a riƙa jera robobin a gaban jama'a ana duba abu uku: yawan ganyen da aka ci, yawan kashin da ke ƙasan roba, da tsawon tsutsar idan aka gwada ta da tsinken ashana. A ci gaba da haka har kwana goma, ana rubuta abin da aka gani a kowace rana. Irin wannan duba za a koma yi a gona bayan feshi: a buɗe ƙoƙon masara a ga ko sabon ganyen da ke fitowa lafiyayye ne, a kuma ga ko kashin tsutsar ɗanye ne ko ya bushe.